Harafi Ɗaya a Takardar Baba Azi

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da tashinmu daga gidan Jos Jarawa, domin tsufa bai ci kunnena kamar yadda kuke zato ba. Kashi biyu kuka rabu. Ɓangaren Bilkisu na cewa Atang ne ya kore mu, bayan ya girma da tuwon gidanmu. Ɓangaren Nasiru na cewa ba wanda ya kore mu, ubanku ne ya ɗauki gida da hannunsa ya miƙa, saboda wani ciwo da ke kama tsofaffin malamai wanda likita bai san sunansa ba. Da a aji ne, da na ba Bilkisu sifiri, na ba Nasiru rabin maki, na rubuta masa a gefe da jan biro cewa ya zo ya gan ni. To, tunda ba ku zo ba, ga ni na zo.

Gidan ba namu ba ne, wannan kun sani. Kakanku haƙar kuza ta kawo shi Jos, ya rasu bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasar da ya ƙare ƙarfinsa yana tonawa ba. Ya bar ni da Inna da akwatin ƙarfe guda. Da aka ɗauke ni aikin koyar da Hausa, sai muka kama haya a gidan Baba Azi, mutumin Jarawa, dattijon coci, mai sayar da itacen gini a kasuwar Katako. Gida ne na dutse mai sashe huɗu, da tsakar gida ɗaya, da rijiya, da bishiyar piya wadda ta fi kowa a gidan sanin haƙƙin maƙwabtaka, don rabin 'ya'yanta a bayan katanga take zubarwa. Muka samu ɗaki biyu da falo a kusurwar gabas. A nan na auri uwarku, a nan aka yanke cibiyar kowannenku.

Sai na gaya muku yadda Baba Azi ke magana, domin duk labarin a nan yake. Hausarsa ta kasuwa ce da ta coci, mai ƙarfi, mai sauri, ba ya laluben kalma. Abu ɗaya ne babu a cikinta: mace. A bakinsa matarsa ya tafi kasuwa, akuyarsa ya haihu, motar katako ya lalace a hanya. In ka saurare shi sai ka ɗauka Allah ya halicci Adamu ne ya tsaya nan. Ba shi kaɗai ba ne, rabin Jos haka suke yi, kuma ana ciniki, ana aure, ana faɗa a shirya, ba wanda ya taɓa ɓata hanya saboda haka. Ni kaɗai abin ke yi wa ƙaiƙayi a kunne, don a lokacin ina ɗanyen malami, ina ganin an aiko ni ne in gyara bakin duniya.

Inna ungozoma ce, ba ta asibiti ba, ta gado. Matar Baba Azi, Mama Ladi, ta yi ciki uku ba wanda ya zo da rai. Na huɗun naƙuda ta kama ta da rana tsaka ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin da ke ƙasan unguwa ya haye gada, ba mota ba babur. Yaron kuma ya zo ta ƙafa. Inna ta ɗaura zane a ƙirji ta shiga ɗakin, ta kori kowa, ba ta fito ba sai da la'asar ta yi sakaliya. Abin da ta yi a ciki ban sani ba, ba ta kuma taɓa faɗa ba, sai dai mun ji kuka, uwa ta tashi, ɗa ya tashi. Wannan ɗan shi ne Atang.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, bayan an taso coci, Baba Azi ya yi sallama a ƙofarmu da rigarsa ta zuwa coci, riƙe da takarda biyu da ya yago daga littafin makaranta, ya rubuta abu ɗaya a kowace. Ya durƙusa gaban Inna, mutumin da ya kusa sa'arta. Na haddace abin da ke ciki, ga shi yadda ya rubuta:

"Ni Azi mai gida na yarda. Malam Sule da maman shi su zauna a gida na. Ba za a kara mashi kudin haya ba har ranar da ya mutu ko ya tashi da kanshi. Saboda abin da ya yi wa gida na."

Ya miƙa mata ɗaya da hannu biyu.

"Mama, wannan naka ne," in ji shi. "Kai ne ka ba ni yaro. Muddin kana da rai, ba wanda zai ƙara maka ko kwabo."

Inna ba ta karatun boko, sai ta miƙo mini in karanta mata. Na karanta, hannuna ya tafi aljihu da kansa.

"Baba, akwai ɗan gyara," na ce. "Nan wurin ta ya kamata a sa, ba ya ba. Ta mutu, ta tashi, ta yi."

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta dube ni irin duban da ke sa mutum ya tuna yana da wani aiki a waje.

"Kai ɗan boko, mayar da abin nan aljihunka. Mutum ya kawo alheri a ƙwarya, kai kana juya ƙwaryar kana neman tsaga? Nan ba aji ba ne."

Baba Azi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Malam yana so ya ba shi maki. Takarda ta shiga akwatin ƙarfe ba a taɓa ta ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar da abin a haka ba ku san girmansa ba. Haya a garin nan ba ta da linzami. Doka tana nan a littafi, ta faɗi wa'adin da za a ba ɗan haya kafin a tashe shi, ta faɗi inda zai kai kuka, amma ita da nahawu jirgi ɗaya ya ɗauko su: kowa na girmama su, ba kowa ke bin su ba. Abin da ke riƙe tsohuwar haya a wurinta shi ne kunyar mai gida, kuma na ga yadda kunyar ke ƙarewa. Wani mai gidan ya mutu, magada su zo da sabon farashi tun ba a kwashe rumfar makoki ba. Wani a ce za a yi gyara, a fitar da kai wata biyu, a shafa fenti, a shimfiɗa tayil, ka dawo a ce maka ai wannan sabon gida ne, tsohon da ka sani ya tafi da tsohon kuɗinsa. Wani kuma wanda aka yi alkawarin dominsa ne zai rasu, alkawarin ya bi shi kabari. Maƙwabtanmu na sauran sassa uku sun sauya fuska ban san sau nawa ba. Mu kuwa muna nan, kuɗin da muke biya yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara, har ya zama in na kai wa Baba Azi sai in ji kamar goro na kai masa. Na sha cewa a ƙara. Ya ce in je in tambayi Mama, in ya yarda. Da wannan rangwamen na biya muku makaranta, ku duka. In akwai digiri a bangon ɗakin ɗayanku, to akwai hannun Inna a ƙasansa, da na wani mai katako.

Ko a shekarun da gari ya rikice, unguwanni suka tace kansu, Musulmi suka koma gefe Kirista suka koma gefe, mu ba mu motsa ba. Baba Azi ya fitar da kujerarsa ƙofar gida ya zauna da redionsa, duk wanda ya zo da tambaya ya ce masa mutanen gidan nan duka nashi ne. Ba zan tsawaita a nan ba, kun isa tunawa.

Atang kuwa a falonmu ya yi rabin ƙuruciyarsa. Da yamma nakan zaunar da shi tare da ku in yi muku darasi, kuma na ɗaura niyyar cewa ko duniya za ta tashi, ɗan Baba Azi zai san mace da namiji a magana. Akuya ta haihu, Atang. Mamana ta tafi. Na sa masa rula a tafin hannu fiye da yadda ya kamata, Allah ya yafe mini. Ya koya kuwa, har ya fi Nasiru.

Yanzu ga shekarar da nake son ku fahimta. Baba Azi ya riga ya rasu, Mama Ladi ta bi shi, Atang yana aikin safiyo a Abuja, bai taɓa ɗaga maganar haya ba. A farkon shekarar na yi ritaya. Da damina ta tsaya Inna ta kwanta, kwana tara, ta cika da safe bayan ta sha kunu ta ce ya yi tsami. Bayan sadakar arba'in Atang ya zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa kujera. Ya zaro takarda daga aljihu, na gane ta tun kafin ya buɗe. A cikin Littafi Mai Tsarki na ubansa ya same ta.

"Malam, ƙannena mata suna so a sayar da gidan a raba," ya ce. "Akwai mai saye, ɗakunan ɗalibai zai gina. Amma ya ce ba ya sayen gida da ɗan haya mai takarda a ciki. Na kai wa lauya, ya ce hannun Baba ne, sunanka ne a sama, kuma ya aka rubuta. Har ranar da ya mutu. Na ce musu magana ta ƙare, ba a taka maganar Baba."

Sai ya yi murmushi, ya buɗe mini tafin hannunsa.

"Ai kai ka koya mini. Ya na namiji, ta na mace. Har yanzu wurin yana mini zafi in an yi sanyi."

Na ce Allah ya yi albarka, wanda shi ne abin da Bahaushe ke faɗa in yana son ya sayi lokaci. Uwarku, Hajara, tana bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ce alhamdulillahi sau uku, ta ce Allah ya jiƙan Baba Azi, ya san ɗan halak ya haifa. A ranar ta ciro tamu takardar daga akwatin Inna ta mayar cikin nata, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai biki.

Wata biyu na yi da wannan abu a ƙirji, ban gaya wa kowa ba. Kuna bugo waya. Bilkisu ta ce, "Baba, kar ka sa hannu a komai sai na gani." Nasiru ya ce a kai takardar a rufe ta da leda mai ƙarfi kada ta yage. Ni kuwa na zama lauyan kaina, kuma ban taɓa sanin ina da baiwar ba. Na ce ai rubutu shi ne hujja, abin da ke zuciyar marubuci ya tafi da shi. Na ce ai ban roƙa ba, ban yi ƙarya ba, har ma na nemi a gyara aka hana ni. Na ce abin da ya yi wa gida na, ai ni ma na yi wa gidan wani abu, wa ya koya wa yaron karatu? Duk wanda ya yi shekaru yana koya wa yara fashin baƙin waƙa ya san yadda ake matsa baiti har ya faɗi abin da mai shi bai nufa ba. Na matsa layi huɗun nan har suka yi laushi.

Na kuma je na ga abin da ke jirana a waje, don kada ku ce ban san farashin abin da na yi ba. Wani ejan, dillalin gidajen haya, mai takalmi mai tsini ya zagaya da ni gida biyar a yini ɗaya, yana ce mini dadi kamar ni na haife shi. Kowane gida kuɗin shekara biyu a dunƙule, da kuɗin ejan, da kuɗin lauya, da wani kuɗi da ya ce na ko-ta-kwana ne, ko da yake bai faɗi wa zai kwana ba. Ya nuna mini wani ɗaki da in ka miƙe ƙafa sai ka nemi izinin maƙwabci, ya ce, "Oga, wannan ka yi sauri, mutum uku suna layi." Fanshona kuwa a lokacin yana zuwa ne kamar baƙon da ba a san ranarsa ba. Na dawo gida na zauna ƙarƙashin piya, na ce wa raina, Sule, yi shiru, ba a kama mutum da laifin shiru.

Rifkatu ce ta rushe mini gini, ƙaramar ƙanwar Atang, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku a ɗaki ɗaya. Ta zo wata Talata da hantsi ɗaukar tsohuwar kujerar ubanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini gaisuwar Inna karo na biyu, ta karɓi ruwa ta sha. Ba ta ɓoye ba, ta ce da rabonta take son kama shago ta sa keken ɗinki biyu, amma tunda Baba ya rubuta, shi ke nan, Allah zai buɗe wata ƙofa. Har ta ɗora kujera a ka, sai ta juyo.

"Malam, ba fushi nake ba, wallahi. Tambaya ce kawai. Baba ya ce saboda abin da ka yi wa gidanmu. Mene ne ka yi? Ba wanda ya taɓa gaya mana. Ina so in gaya wa yarana, su san wanda za su riƙa gaisarwa."

A ranar da ake maganar, ni ina tsaye ne a baranda riƙe da lema, ina tsoron jini. Wannan shi ne abin da na yi wa gidan Azi. Na so in ce mata darasi, rula, karatu, amma na san ba su takardar ke nufi ba. Shiru ɗin da na ɗauka kyauta ne ashe yana da kuɗi: in zan ci gaba da zama a gidan, sai na tsaya gaban yarinyar nan na karɓi aikin uwata na ce nawa ne, kwana ɗari da rufe ta. Lauyan da ke cikina ya tattara takardunsa ya fita ba sallama.

Na ce mata, "Ajiye kujerar, Rifkatu. Ki gaya wa Atang ya zo ranar Asabar, ku zo ku duka."

Suka zo su uku. Muka zauna a tsakar gida, uwarku tana bakin rijiya tana wanke abin da ta riga ta wanke. Na ba su labarin ruwan, da gadar, da yaron da ya zo ta ƙafa. Na faɗa musu abin da ubansu ya ce yana durƙushe, da bakinsa, ban gyara masa ko harafi ba. Na ce ya ɗin da ke takardar nan Inna ce, kun san bakin ubanku. Alkawarin nata ne, ya cika ranar da ta cika, kuma an riƙe shi fiye da yadda ake riƙe alkawari a zamanin nan. Rifkatu ta sa gefen zane a ido. Na juya wurin Atang ina jiran, in faɗi gaskiya, ɗan yabo, domin malami ko ya tsufa yana son a ce ya yi daidai.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Atang.

Bai taɓa yi mini magana a tsaye ba sai ranar.

"Malam, wa ya tambaye ka? Takardar nan ita kaɗai ce ta hana a rushe gidan ubana. Da ita nake tare su. Yanzu me zan ce musu? Kai ka huta, ka sauke kayanka. A kan wa ka sauke?"

Har yau amsar da nake da ita ba cikakkiya ba ce. Na zaci ni kaɗai zan biya, ashe har da shi. Wannan ya kamata Bilkisu ta karanta sau biyu: mutumin da kike cewa ya kore mu, shi ne ya fi kowa son mu zauna, ya fita daga gidan ranar bai yi mini sallama ba, ya yi wata huɗu bai ɗauki wayata ba.

Uwarku ba ta ɗaga murya gabansu ba, sai da suka tafi.

"Shekara talatin da biyar ina share tsakar gidan nan," ta ce. "Ko kaza za ka sayar, ai ka ce Hajara, me kika gani. Sai gida? Ka kyauta, Malam. Gaskiya ta gode. Sai ka ce mata ta nemo mana ɗaki."

Daga nan ta shiga ba ni abinci da gaisuwa kawai, ba ƙari. Wanda bai zauna da mace mai gaisuwa cikakkiya da fuska a rufe ba bai san sanyin Jos ba.

Aka sayar da gida. Atang, duk da fushinsa, ya sa a cikin sharaɗi cewa sai an ba mu shekara guda cur kafin a taɓa bango, abin da ya ninka wa'adin da mai sayen ya so. Ranar tashi ya zo da a-kori-kura tun daga Abuja, bai ce mini komai ba sai ina kwana, ya shiga ɗakin Inna ya kwance gadonta da hannunsa, ya hana masu dako taɓawa. Da muka gama lodi ya tsaya yana kallon sashen ubansa, na tsaya kusa da shi. Sai ya ce, bai dube ni ba, "Ashe da ƙafa na zo." Na ce da ƙafa, kuma tun ranar ba ka zauna wuri ɗaya ba. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, amma dariya ce. Yanzu duk Sallah yana zuwa da buhun dankali. An sare piya, an yi bene mai hawa biyu. Ban bi ta layin ba tun daga nan, ba don fushi ba, don ƙafata ta san hanyar fiye da kima.

Abin da ya ci mini, ga shi, ba na ragewa. Gidan da muke ciki yanzu a bayan Farin Gada ɗaki biyu ne, ba tsakar gida, ba rijiya. Rabin littattafaina na rabar don ba wurin ajiye su. Mai gidan yana da cikakken iko ya ƙara haya duk shekara, kuma mutum ne da ba ya wasa da ikonsa. Abin da ya fi duka nauyi, ni da na yi alfaharin ban taɓa miƙa wa ɗa hannu ba, yanzu ku kuke cika mini, kuma na san wata shekarar ba da sauƙi kuke yi ba. Wannan bashin na ɗora muku ba da shawararku ba, kuna da haƙƙin ku ji haushi. Amma kada ku ɗauka ina cikin baƙin ciki. Masallaci taku kaɗan ne, gwiwata ta gode. Manyan motoci na sauke kabeji da karas tun da sassafe, ina jin masu lodi suna zagin juna da Hausa iri bakwai, ba na gyara wa kowa. Ɗalibai na zuwa in duba musu rubutu, su biya ni da hira. Rifkatu ta buɗe shagonta, ita ta ɗinka rigar da ke jikina yanzu, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ina sa ta haka.

Saura abu guda, wanda uwarku ta ba ni izinin rubutawa bisa sharaɗin kada in ƙawata shi. Mun kusa shekara a sabon gida, wata la'asar tana zaune a bakin ƙofa tana gyaran alayyafon da ta ci rabin kuɗinsa a ciniki, fuskarta a sake. Na ga dama ta samu, na ce, Hajara, har yanzu ba a yafe wa mai laifi ba? Na ce da na gaya miki tun farko cewa takardar ta Inna ce, da wataƙila kin fahimce ni.

Ba ta ɗago ba.

"Gaya mini? Malam, ina amarya a wancan gidan ranar. Ina bayan labule, ina jin Baba Azi yana ce wa Inna kai. Har dariya na toshe da mayafi lokacin da aka ce ka mayar da biro."

Na ce, to wata biyun nan da kika ɓoye takarda a ƙarƙashin zannuwa, kin sani?

"Na sani. Na kuma san ka sani. Kana tsammanin me ya sa na daina kallon idonka in na ajiye maka tuwo?"

Na ce, to faɗan na mene ne?

"Gidan nake so," ta ce. "Har gobe ina son shi. Da ka yi shiru, wallahi da na taya ka, mu zauna a ciki har mutuwa kowa na kallon bango." Ta watsa ganyen cikin ruwa, ta ɗauraye hannu. "Nan ɗin ƙunci gare shi, ga hayaniya, ga warin albasa. Amma ka ga ina kallonka. Matsa mini da ƙafarka, ka tare hanya."

Na matsa.